Kura Da Shan Bugu A Holiwud: Ya Kamata Masu Siddabarun Fim Su Shiga Ƙungiyar Ƙwadago

A cikin watan Satumba na shekarar 2023 ne hukumar da ke kula da dangantakar ma'aikata da iyayen gidansu a ƙasar Amurka ta ƙirga waɗansu ƙuri'u waɗanda yawansu bai taka kara ya karya ba, amma labarinsu ya game duniyar masu shirya fim. Ma'aikata ne su hamsin da 'yan kai na kamfanin Marvel Studios, masu kula da sashen siddabarun hoto, aka tambaye su ko suna son shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE, watau haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan bayan fage ta Amurka da Kanada. Duk wanda ya jefa ƙuri'a cewa ya yi yana so, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ƙi ba. Wata guda bayan haka takwarorinsu na Walt Disney Pictures suka bi sahu da ƙuri'a 13 ba hamayya, sa'an nan a farkon shekarar 2024 masu aikin finafinan Avatar su ma suka amince da ƙuri'a 57, masu ƙi 19.

Ita wannan ƙungiya tun shekarar 1893 aka kafa ta. A Holiwud mai ɗaukar hoto yana cikinta, haka mai hasken fitila, da mai ɗinka sutura, da mai kwalliya, da kafintan da ke kafa dandali, da mai tace fim bayan an gama ɗauka. Direban da ke jigilar kaya yana da tasa ƙungiyar, marubuta da 'yan wasa da daraktoci kowane rukuni da tasa. Abin mamaki shi ne, sana'a guda da aka bari a waje ita ce wadda manyan finafinan wannan zamani suka fi dogara a kanta. Don haka tambayar da ke gaban dubban ma'aikatan da ba su riga sun shiga ba ita ce, shin su bi sawun waɗannan 'yan ƙalilan, ko kuwa su ci gaba da zaman kowa tasa ta fisshe shi? Amsar da hujjoji suka fi ƙarfafawa ita ce su shiga, ko da shi ke akwai waɗansu dalilai na masu ja da baya waɗanda bai kamata a yi watsi da su ba.

Da farko ya kyautu a bayyana ko su wane ne waɗannan mutane. Duk wanda ya taɓa zama gidan sinima ko gaban talabijin ya ga birni yana rushewa, ko mutum yana tashi sama, ko zaki yana magana, to, aikinsu ya gani. Akan ɗauki ɗan wasa a gaban wani koren labule, daga baya su cire labulen da kwamfuta su sa teku ko sahara ko sararin samaniya a madadinsa. Wani aikinsa ƙera siffar dabba, wani ya dasa mata gashi, wani ya koya mata tafiya, wani ya daidaita haske da inuwa, wani kuma ya haɗa duka wuri guda har ido ya kasa rarrabe na gaske da na ƙirƙira. Lokacin da George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic a shekarar 1975 domin fim ɗin Star Wars, hotunan siddabarun da ke cikinsa kimanin 360 ne, aka kuwa ɗauke shi abin al'ajabi. Fim ɗin Avengers: Endgame na 2019 yana da wajen 2,500. Aiki ya ninka ya sake ninkawa, amma matsayin mai yinsa a gaban ubangida yana nan inda ya ke.

Daren Oscar na 2013

Babu abin da ya fi fito da wannan hali fili kamar abin da ya faru a daren 24 ga Fabrairu, 2013, a zauren Dolby na birnin Los Anjalis. A wannan dare ne fim ɗin Life of Pi ya ci lambar yabo ta Oscar a fannin siddabarun hoto. Labarin fim ɗin na wani yaro ne da damisa a cikin kwalekwale a tsakiyar teku, kuma mafi yawan wuraren da aka ga damisar nan ba dabba ba ce, ƙirar ma'aikatan wani kamfani ce mai suna Rhythm & Hues. Kamfanin ba baƙo ba ne a sana'ar, tun 1987 ya ke aiki, ya kuma riga ya ci irin wannan lamba da finafinan Babe da The Golden Compass. Fim ɗin Life of Pi ya tara fiye da dala miliyan 600 a kasuwannin duniya. Amma ƙasa da mako biyu kafin daren bikin, kamfanin da ya ƙera damisar ya riga ya je kotu ya shaida cewa ya karye, ya sallami ma'aikata wajen 250.

Da shugaban aikin, Bill Westenhofer, ya hau dandali karɓar lambar, ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki, sai aka tayar masa da kiɗa, aka kashe abin maganarsa. Kiɗan kuwa na fim ɗin Jaws ne, fim ɗin da shi kansa kifin da ya yi suna da shi ƙirar masu siddabaru ne. A wajen zauren ma'aikata fiye da 400 suna tsaye bakin titi da alluna suna zanga-zanga. Kashegari dubban 'yan sana'ar a ƙasashe dabam-dabam suka cire hotunansu a Facebook suka sa koren fili ba komai a cikinsa, suna nufin ga abin da zai rage a allon sinima idan aka cire aikinsu.

Ba Rhythm & Hues kaɗai ba ne. Watanni biyar kafin nan, a Satumba 2012, kamfanin Digital Domain, wanda ya yi siddabarun Titanic, shi ma ya karye, ya rufe reshensa na jihar Fulorida, ma'aikata wajen 300 suka wayi gari ba aiki. A Disamba 2019 kamfanin MPC ya rufe reshensa na Vancouver a Kanada, jim kaɗan bayan ma'aikatansa sun yi ta fama da sake ƙirar jarumin fim ɗin Sonic the Hedgehog, wanda aka canja masa kama bayan jama'a sun ga tallarsa sun ƙi shi. A Fabrairu 2025 kuma uwar kamfanin MPC ɗin, watau Technicolor, wadda sunanta ke cikin tarihin sinima tun 1915, ta durƙushe gaba ɗaya, dubban ma'aikata a Landan da Montreal da Los Anjalis da Bangalore suka rasa abin yi. Watanni biyu kacal kafin wannan aka fitar da Mufasa: The Lion King, wanda MPC ya yi zakunansa, fim ɗin da ya tara fiye da dala miliyan 700. Idan wannan ba shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba, to, karin maganar ba ta da ma'ana.

Aikin jinga

Dalilin wannan karyewa a kai a kai ba rashin gwaninta ba ne, ba kuma rashin ciniki ba. Tushensa yana cikin yadda a ke ba da aikin. Babban kamfanin da ya mallaki fim ba ya ɗaukar masu siddabaru aiki da kansa sai 'yan kaɗan. Yakan rarraba hotunan kashi-kashi ya kira kamfanonin kwangila su yi tayi, wanda ya fi sassauta farashi ya fi kusa da samu. Ana yanke kuɗin ne tun kafin a ɗauki fim ɗin, wani lokaci ma tun ba a gama rubuta labarin ba. Aikin jinga ne sosai. Sai dai kowa ya san jinga tana daɗi ne idan an san iyakar aikin. Misali a yi jinga da magini ya gina ɗaki, ya kai linta maigida ya ce a mayar da ƙofar gabas, a mayar, gobe ya ce ai yamma ta fi kyau, jibi ya ce ɗakin ma bene ya ke so, ranar tarewa kuwa ba za a ɗaga ba, kuɗin jinga kuma ba za a ƙara ba. Maginin da zai yarda da wannan sai wanda ya san in ya ƙi ba wanda zai sake kiransa aiki a garin.

To, haka kamfanonin kwangilar nan su ke. Masu sayen irin wannan aiki mai tsada ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, irin su Disney da Universal da Sony da Netflix. Masu sayarwa kuwa suna da yawa, kowanne yana da ɗaruruwan ma'aikata da na'urorin da dole a biya kuɗinsu ko da aiki ko babu. A takarda akwai damar neman ƙarin kuɗi idan an canja aiki, amma ɗan kwangilar da ya cika kai takardar ƙari ya san zai iya rasa fim na gaba. Idan fim ya yi kasuwa ba ya da kaso cikin riba, idan aka ɗaga ranar fara aiki shi zai ci gaba da biyan albashi yana jira. Sai ya haɗiye asarar, ya nemi wanda ya fi shi rauni ya sauke masa. Wanda ya fi shi rauni kuwa shi ne mutumin da ke zaune gaban kwamfuta.

Shi wannan ma'aikaci yawanci na wucin gadi ne, wata uku ko shida, fim ya ƙare a sallame shi. Idan ranar fitar da fim ta matso, yakan yi kwana shida ko bakwai a mako, daga safe har tsakar dare. A shekarar 2021 kaɗai finafinan Marvel huɗu aka fitar a gidajen sinima, ga jerin wasannin talabijin guda biyar, shekarar da ta biyo baya kuwa ma'aikata suka fara fitowa suna faɗin irin matsin da suka sha da yawan canje-canje na ƙurarren lokaci. A binciken da IATSE ta gudanar tsakanin 'yan sana'ar ta kuma bayyana a 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce sun taɓa yin aikin ƙarin awoyi ba a biya su ba. Daga cikin masu aiki kai tsaye ƙarƙashin manyan kamfanoni, kashi 12 ne kawai ke da inshorar lafiya da ke bin su daga wannan aiki zuwa wancan. Gaskiya ne ƙungiyar tana da buƙata cikin wannan bincike, don haka mai karatu yana da ikon rage wani abu daga cikin alƙaluman. Ko an rage rabi, abin da ya saura ya isa abin kunya, musamman a ƙasa irin Amurka inda rashin inshora kan sa jinyar mako guda ta cinye tattalin shekara goma.

A nan ne amfanin ƙungiya ya ke, kuma ya wuce batun ƙarin albashi. A halin da a ke ciki, wanda ke canja ra'ayi dabam, wanda ke biyan kuɗin canjin dabam. Darakta zai iya cewa a sake masa hoto sau talatin domin bai ga abin da hakan ya ci ba, daren wani da lafiyar wani aka kashe. Amma wannan daraktan a wurin ɗaukar fim yana kallon agogo, domin ya san idan ya wuce lokacin cin abinci akwai tara, idan ya tsare ma'aikata bayan awoyin da aka ƙayyade kuɗi zai hau, idan bai ba su hutun da yarjejeniya ta tanada tsakanin tashi da dawowa ba zai biya. Ba tausayi ya koya masa wannan natsuwa ba, yarjejeniyar ƙungiya ce. Ranar da awar mai siddabaru ta sami farashin da ba a iya kauce masa, ɗan kwangila ba zai iya yin tayin da ya dogara a kan aikin banza ba, abokin hamayyarsa ma haka, sai kuɗin ya koma kan wanda ya mallaki fim ɗin, inda ya dace tun farko.

Akwai kuma masu cewa su ƙwararru ne, masu fasaha, ba leburori ba, kowa gwanintarsa za ta yi masa ciniki. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihi ya riga ya ƙaryata ta. A shekarar 2010 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi kamfanonin Lucasfilm da Pixar da ƙulla yarjejeniya a asirce cewa ba za su riƙa zawarcin ma'aikatan juna ba, ba kuma za su yi gasar ƙarin albashi a kan ma'aikaci ɗaya ba. Daga baya ma'aikata suka kai ƙara a kan kamfanoni da dama, aka sasanta: DreamWorks ya biya dala miliyan 50, Sony miliyan 13, Disney kuma a 2017 ya amince da miliyan 100. Watau a lokacin da a ke gaya wa ma'aikaci cewa shi kaɗai ya isa ya yi ciniki, iyayen gidansa sun riga sun haɗa kai a bayan idonsa. Ban da haka, yarjejeniyar ƙungiya ƙasa ta ke shimfiɗawa, ba ta yin rufi. Manyan 'yan wasan da ke karɓar miliyoyi duk 'yan ƙungiya ne, ba wanda katinsa ya hana shi neman abin da ya fi.

Tsoron gudun aiki

Hujja mafi nauyi ta masu ja da baya ita ce aikin nan ba ya da gari. Fage da fitila da motoci suna da wuyar ɗauka, amma hoton kwamfuta ta waya a ke aika shi, cikin dare ɗaya ya ƙetare teku. Idan ma'aikatan Los Anjalis suka yi tsada, sai a kai aikin Vancouver, idan na can suka ɗaga kai a kai shi Mumbai. Wannan ba tatsuniya ba ce, ya taɓa faruwa ga 'yan uwansu masu zanen katun. Su ne suka yi yajin aiki a kamfanin Disney a 1941 suka ci nasara. A 1979 suka sake yin wani yajin suka sami sharaɗin da ke taƙaita kai aiki ƙasashen waje. Amma a 1982 kamfanoni suka shirya musu, aka yi mako goma ana ja, ƙungiya ta sha kaye, sharaɗin ya faɗi, aikin zane mai yawa ya koma Koriya da Taiwan.

Ƙasar Niyu Zilan ma ta ba da nata darasin. A Oktoba 2010, da ƙungiyar 'yan wasa ta nemi yarjejeniya a kan finafinan The Hobbit, sai aka yi barazanar ɗauke aikin zuwa wata ƙasa. Manyan jami'an Warner Bros. suka je suka gana da Firayim Minista John Key, cikin kwanaki majalisa ta yi dokar gaggawa wadda ta mayar da ma'aikatan fim 'yan kwangilar kansu, ta rufe musu ƙofar ciniki a ƙungiyance, aka kuma ƙara wa kamfanin rangwame. Sai a 2022 aka yi wata doka da ta sake buɗe wannan ƙofa. Duk wanda ya ce barazanar gudun aiki ba ta da haƙori bai karanta wannan labari ba.

Amma fa a lura da abu guda. Masu siddabaru sun yi shekara da shekaru suna gudun ƙungiya domin kada aiki ya gudu, aikin kuwa ya gudu. Rhythm & Hues ba ya da ƙungiyar ƙwadago, ya buɗe rassa a Mumbai da Hyderabad da Malesiya da Vancouver domin rage tsada, duk da haka ya karye. Sony Pictures Imageworks ya sanar da mayar da hedkwatarsa daga Kaliforniya zuwa Vancouver a 2014 ba tare da wani yajin aiki ya kore shi ba. Abin da ke jan aikin shi ne rangwamen haraji. Gwamnatocin Ingila da lardunan Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan suna mayar wa mai fim wani babban kaso na abin da ya kashe a ƙasarsu, shi kuma sai ya sharɗanta wa ɗan kwangila cewa a can za a yi aikin. Rangwamen aljihun mai fim ya ke shiga, kuɗin buɗe sabon reshe na ɗan kwangila ne, ɗaukar iyali daga gari zuwa gari da cire yara daga makaranta kuma na ma'aikaci. Landan da Vancouver ba garuruwa ne masu arahar zama ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna ba albashi ne ke yanke hukunci ba. Ma'aikacin da ya haƙura da ƙungiya domin ya tsira da aikinsa ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Haƙuri ma bai kare shi daga doka mai nuna bambanci ba. A lardin British Columbia akwai ƙa'idar da ta cire waɗanda a ke kira ƙwararrun fasahar zamani daga haƙƙin kuɗin ƙarin awoyi, kamfanoni kuma suka riƙa fakewa da ita. Bayan fitowar fim ɗin Sausage Party a 2016, masu zanen kamfanin Nitrogen suka koka cewa an sa su aikin ƙarin awoyi ba biya. Wata ƙungiyar ƙwadago ce, Unifor, ta kai ƙorafin a madadinsu, domin su kansu suna tsoron a shafa musu baƙin fenti. Sai a 2019 hukuma ta yanke cewa a biya su. Tarar da aka ɗora wa kamfanin kuwa dala 500 ce. Shekara uku ana jiran hukunci, a sana'ar da kwantiraginta ba ya wuce wata shida.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka kada a ɗauka cewa ƙuri'un Marvel da Disney sun gama magana. Waɗanda suka jefa su mafi yawa masu tattara bayanai ne a wurin ɗaukar fim da masu daidaita aiki tsakanin kamfani da 'yan kwangila. Sun sami yarjejeniyarsu ta farko a 2025, wadda ta kawo mafi ƙarancin albashi a rubuce, da kuɗin ƙarin awoyi, da shiga asusun lafiya da fansho na masana'antar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya yi shekaru yana tsaye kusa da mai ɗaukar hoto suna aiki ɗaya, ɗaya da fansho ɗaya babu. Amma dubban da ke ƙera dodanni da rusa birane suna gidajen kwangila, a ƙasashe da dokokinsu suka sha bamban. A Kaliforniya doka ta wajabta ƙarin biya bayan awa takwas a yini. A Ingila babu dokar da ta tilasta wannan, iyakar awa 48 a mako ma ana iya sa hannu a yafe ta, ma'aikaci sabon ɗauka kuwa ba ya jayayya da takardar da aka miƙo masa.

Saboda haka abin da ya faru a kamfanin DNEG ya fi na Marvel muhimmanci, ko da shi ke bai kai shi amo ba. A 2023 marubutan Holiwud suka yi yajin kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, aiki ya tsaya, masu siddabaru waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba suka shiga sahun farko na masu shan wuya. DNEG, wanda ya ci lambobin Oscar da dama da finafinai irin su Inception da Interstellar da Dune, ya nemi ma'aikatansa su yarda da ragin albashi har zuwa kashi 25 cikin 100, ko su karɓi wani sashe na albashin a matsayin rance. Kafin ƙarshen wannan shekara ma'aikatan reshensa na Vancouver suka shiga IATSE. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne gyaran dokar da lardin ya yi a 2022, wanda ya ba da damar amincewa da ƙungiya idan kashi 55 cikin 100 na ma'aikata suka sa hannu a kati. Sun ga da idonsu cewa waɗanda suka tsayar da aiki sun koma da sabuwar yarjejeniya, su da ba su tsayar da komai ba aka miƙo musu takardar ragi.

Masu gidajen kwangila sukan ce ribarsu siririya ce, ƙungiya za ta ƙarasa su. Akwai gaskiya a ciki idan gida ɗaya aka kama aka bar sauran. Maganin wannan shi ne a bi manyan gidajen a manyan cibiyoyin a lokaci guda, ƙungiyar Bectu ta Ingila da IATSE su yi tafiya tare, a kuma nemi hanyar da ma'aikatan Indiya za su shigo, domin su ne aka fi barin su da hannu biyu lokacin da Technicolor ta faɗi. Su ma masu gidajen suna da nasu laifin. Scott Ross, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Digital Domain, ya daɗe yana kiran su da su kafa ƙungiyar 'yan kasuwa domin su ƙi tsarin jinga da murya ɗaya, suka ƙi, kowanne yana tsoron ɗan uwansa zai zagaya ta baya ya karɓe aikin. Wanda ya kasa haɗa kai da takwarorinsa ya fuskanci mai saye ba shi da bakin hana ma'aikacinsa neman mafita.

Saura batun ƙirƙirarriyar basira, wadda ta sa jinkiri ya ƙara zama haɗari. A 2023 aka yi amfani da ita wajen hotunan buɗe shirin Secret Invasion na Marvel. A 2025 shugaban Netflix, Ted Sarandos, ya faɗa wa masu hannun jari cewa an yi hoton rushewar wani gini a shirin El Eternauta na ƙasar Ajantina da ita, aka gama cikin kashi ɗaya bisa goma na lokacin da aka saba. Ba wata ƙungiya da za ta hana na'ura zuwa, masu siddabaru kuma su ne mutanen ƙarshe da za su ƙi sabuwar na'ura, tun da da ita suka ci abinci tun asali. Abin tambaya shi ne wa zai zauna a teburin da za a tsara yadda za a yi amfani da ita, ko za a horar da ita da aikin mutum ba da saninsa ba, wa za a sake koya wa aiki, nawa za a ba wanda aka sallama. Marubuta da 'yan wasa sun rubuta nasu sharuɗɗan a 2023, IATSE ta sa nata cikin babbar yarjejeniyarta ta 2024. Mai siddabarun da ke gidan kwangila a Landan ko Montreal ko Mumbai, wanda na'urar ta fi kusa da kujerarsa fiye da ta kowa, takardar da ke hannunsa ita ce wadda kamfani ya rubuta shi kaɗai, mai ƙarewa ranar da aka miƙa hoto na ƙarshe.